Ranar da na zana Abubakar ya koma dorina

A unguwarmu nan Garwa ta ƙasar Kamaru akwai wani dattijo mai zanen allunan shaguna, kowa Baba yake ce masa. Kawunan nan da kake gani a ƙofar masu aski, da kifin da ke bangon masu gashi, duk aikin hannunsa ne. Ni kuwa majalisata tana wajen mai shayin da ke daura da rumfarsa. Wata shida cur ina kurɓar shayi ina satar sana'a da ido. Sau ɗaya na ce ya koya mini, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ɗana, ni ma ba wanda ya zaunar da ni. Ai kana da ido."

Idon kuwa ya yi aiki. Na ga yadda yake jan layuka a kan hoto ya raba shi gida-gida kamar gurbin dara, ya ja irinsu da alli a kan allo, sannan ya bi gida ɗaya bayan ɗaya yana kwashe abin da ke ciki. Launin fatar mutum ba sayensa yake ba, ja da rawaya yake haɗawa ya ɗiga shuɗi kaɗan. In fenti ya yi kauri ya tsinka shi da kananzir. Abu ɗaya ne na raina masa: da ya shafa fentin farko sai ya kwantar da allon a ɗaki ya yi tafiyarsa, sai gobe ko jibi. Na ce a raina tsufa ne, ko kuwa salon ja wa mai aiki rai don kuɗi su hau.

Sai ga Janairun 2022, gasar cin kofin Afirka ta zo har filin Rumde Ajiya, 'yan Najeriya sun cika gari maƙil. Vincent Abubakar, ɗan gida, tsohon ɗan wasan Coton Sport, ya zura wa Burkina Faso biyu a wasan farko. Taubashina mai aski ya rantse sai ya kafa hotonsa a ƙofar shago. Baba ya ce jaka goma sha biyar da mako guda. Na ja taubashi gefe na ce, "Kai, kawo jaka biyar, gobe da safe ka zo ka ɗauka."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai da ko layi ba ka iya ja a aljihun riga ba?" Amma araha ta ja shi.

Na raba gidaje, na haɗa launi, wallahi har ni kaina na ba kaina sha'awa. Da la'asar fuska ta fito, har da gemu. Na ɗora fenti a kan fenti ba jira, inda buroshi ya cije na ƙara kananzir, inda ya sake cijewa na sake ƙarawa. Na jingine allon a tsaye a tsakar gida don iska ta busar da shi, na shiga na kwanta ina lissafin yaran da zan ɗauka aiki.

Da asuba Inna ce ta tashe ni da salati. Cikin dare fuskar ta zazzago gaba ɗaya. Idanu sun sauko kan kumatu, hanci ya baje ya haɗe da baki, kunnuwa kawai suka tsaya a sama 'yan ƙanana. Ƙurar hunturu kuma ta bi ta manne, ta mai da shi ruwan toka.

Haka muka kai shi shago, don taubashi ya ce sai duniya ta shaida. Wani ɗan acaɓa ya tsaya ya ce, "Ikon Allah, dorinar Binuwai ma ta fara buga ƙwallo?" Wani baƙo daga Yola ya tambaya ko maganin gargajiya ake sayarwa a ciki. Jaka biyar ɗin nan har yau ina biya, a aljihu da kuma a baki, don duk wanda ya zauna aski sai an ba shi labari.

Da hantsi Baba ya biyo ta wurin. Ya tsaya ya goya hannu a baya, ya daɗe yana kallo, ni kuwa zuciyata dukan uku-uku. Can ya nuna ƙirjin rigar da sandarsa ya ce, "Lamba goman nan ta yi kyau. Kai ka rubuta?"

Ba ni ba ne. Ƙanwata 'yar aji huɗu ce ta rubuta mini.