Abin da na gani a fuskoki biyu na takardar yen 1,000

Na daɗe ina lura cewa idan aka ambaci Japan a wajenmu, abubuwa biyu ne ke faɗo wa mutane a rai, wato motocin Toyota da Honda da suka cika titunanmu, da kuma bama-baman da Amurka ta jefa wa Hiroshima da Nagasaki a 1945. Wanda ya ɗan ƙara karatu zai iya gaya maka tsayin dutsen Fuji ko shekarar da sarki Meiji ya karɓi mulki, amma a matsayin amsoshin kacici-kacici, kowace tana zaune ita kaɗai. Ra'ayina shi ne irin wannan sani na tsinci-tsinci ba ya amfanar mai shi sai ya gano zaren da ya ɗaure wani labari da wani, kuma ban ga inda wannan zare ya fito fili kamar a takardar kuɗi ta yen 1,000 da Japan ta fitar a watan Yuli na 2024 ba. A fuskarta akwai hoton likita Kitasato Shibasaburo, a bayanta kuma akwai zanen babbar igiyar ruwa na Katsushika Hokusai.

Na fara da bayan takardar. Hokusai ya yi wannan zane wajen 1831, yana ɗan shekara 70, a cikin jerin zane-zanen da ya yi wa dutsen Fuji daga wurare daban-daban. Igiyar ruwa ce ta miƙe tana shirin faɗawa kan jiragen ruwa uku, kumfarta ta rarrabu kamar farata, matuƙan sun sunkuya sun manne da jiragensu, can nesa kuma ga Fuji, dutsen da ya kai mita 3,776, ya zama ɗan ƙarami har wanda bai sani ba zai ɗauka wata igiyar ce. Jiragen na masu kai kifi ne kasuwar Edo, birnin da ake kira Tokyo a yau, saboda haka mutanen da ke cikinsu talakawa ne masu neman abinci. Masana sun nuna wani abu da ya burge ni ƙwarai: a al'adance Bajapane yana karatu daga dama zuwa hagu, kamar yadda muke karanta ajami, don haka idonsa yakan shiga zanen ta inda jiragen suka fito, sai ya yi gaba da gaba da igiyar. Ku gwada kallonsa haka, za ku ji tsoron ya ƙaru.

Wannan tsoro yana da tushe a ƙasar kanta. Japan tsibirai ce da ke zaune a inda ɓarin ƙasa ke gogayya da juna, shi ya sa girgizar ƙasa ta zame mata abokiyar zama, kuma kalmar tsunami da duniya ke amfani da ita tasu ce. A ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar da ta biyo bayanta sun halaka ko sun ɓatar da fiye da mutum 18,000. Shi kansa Fuji dutse ne mai aman wuta, kuma a amansa na ƙarshe a 1707 toka ta sauka har cikin Edo. Duk da haka, lokacin da hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013, a rukunin al'adu ta sa shi, a matsayin wuri mai tsarki ga mutanensa kuma maɓuɓɓugar fasaha. A ganina wannan hukunci ya yi daidai, domin da wuya a raba dutsen da abin da masu zane da mawaƙa suka yi da shi.

Zanen kuma aikin hannaye da yawa ne. Hokusai yakan zana, masassaƙi ya sassaƙa zanen a kan allunan katako, kowane launi da nasa allon, mai bugawa ya shafa launi ya danna takarda da hannu, mai maɗaba'a kuma ya zuba jari ya sayar. An buga dubbai, ana sayarwa da araha ga kowa da kowa.

Inda maganar ta fi daɗi a wurina shi ne launin. Mutanen Japan sun daɗe suna rini da baba, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya san irin shunin da nake nufi, ko da yake tsiron da suke amfani da shi daban ne da namu. To amma shuɗin da ya ba igiyar Hokusai zurfinta ba daga tsiro ya fito ba. Wani mai haɗa launi mai suna Diesbach ne ya gano shi bisa kuskure a birnin Berlin wajen 1706, yana ƙoƙarin haɗa jan launi. Jiragen 'yan Holan da na 'yan Sin ne suka riƙa kawo shi tashar Nagasaki, da farko da tsada, daga baya ya yi sauƙi gab da lokacin da Hokusai ya fara wannan aiki, kuma Japanawa suka raɗa masa sunan da ke nufin baban Berlin. Haka nan dabarar da ta sa dutsen ya ƙanƙance saboda nisa, an koye ta ne daga zane-zanen Turai da suka shigo ta wannan tasha. Ke nan hoton da duniya ta fi ɗauka a matsayin tsantsar Japan yana ɗauke da launin Jamus da dabarar Holan.

Dalilin da ya sa na dage a kan wannan shi ne abin da aka saba koyarwa, cewa Japan ta kulle ƙofarta shekara fiye da 200 har sai da jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka zo a 1853. Akwai gaskiya a ciki. Gidan Tokugawa, sarakunan yaƙin da suka riƙe mulki daga 1603, sun hana 'yan ƙasa fita, sun kori 'yan Fotugal a 1639, sun kuma gallaza wa Kiristoci azaba mai tsanani. Sai dai sun bar taga a buɗe. A 1641 suka mayar da 'yan Holan wani ɗan tsibiri da aka gina da hannu a gaɓar Nagasaki mai suna Dejima, wanda bai wuce girman filin ƙwallo biyu ba, suka sa masu gadi a kan gadar da ta haɗa shi da gari. Ta wannan gada ce launuka da madubin hangen nesa da agogo da littattafai suka riƙa shiga, musamman bayan da aka sassauta dokar hana littattafan waje a 1720.

Abin da wasu likitoci suka yi da waɗannan littattafai shi ne labarin da nake so kowane ɗalibi ya sani. A 1771 Sugita Genpaku da Maeno Ryotaku sun halarci feɗe gawar wata mata da aka zartar wa hukuncin kisa a Edo, suna riƙe da littafin ilimin gaɓoɓin jiki da aka rubuta da harshen Holan. Suka dubi gawar, suka dubi hotunan littafin, suka ga sun dace, suka kuma ga cewa tsofaffin littattafan Sin da aka koyar da su da su sun saɓa wa abin da ke gabansu. Washegari suka zauna fassara, alhali ba su da ƙamus na kirki kuma ɗaya ne kawai cikinsu ya san 'yan kalmomin harshen, suka yi ta fama har littafin ya fito a 1774. Ina ganin jaruntar da ke cikin wannan ta fi ta takobi, domin babu abin da ya fi wa malami nauyi kamar ya amince cewa abin da ya gada daga malamansa ba daidai ba ne, sannan ya koma ɗalibi da furfurarsa. Saurin ci gaban da Japan ta yi bayan 1868, shekarar da mulki ya koma hannun sarki Meiji, wanda ake ba da labarinsa kamar abin al'ajabi, ya samu ne domin an shafe kusan ƙarni guda ana share masa fage. Ba zan ɓoye ba kuma cewa ƙarfin da ta samu ta juya shi kan maƙwabta, ta haɗiye Koriya a 1910, sojojinta suka yi kisan gilla a birnin Nanjing na ƙasar Sin a 1937, kuma sha'awata ga masu zanenta da likitocinta ba ta wanke wannan ba.

Bayan buɗe tashoshi, zane-zanen suka kwarara zuwa Turai. Mai zane ɗan Holan Van Gogh ya kwaikwayi ayyukan mai zane ɗan Japan Hiroshige da hannunsa a 1887, mai zane ɗan Faransa Monet ya lulluɓe bangon gidansa na garin Giverny da zane-zanen Japan, kuma a 2023 an sayar da kwafi guda na igiyar a New York kan dala miliyan 2.76.

Idan aka juya takardar, sai a sake cin karo da Berlin. Kitasato can ya je ya yi karatu a wurin masanin ƙwayoyin cuta Robert Koch, a 1889 ya yi nasarar reno ƙwayar cutar sarƙe-haƙora ita kaɗai a ɗakin gwaji, a shekarar da ta biyo baya kuma shi da Emil von Behring suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta samu kariya yana iya kare wata. Birnin da ya ba bayan takardar launinsa shi ne ya horar da mutumin da ke fuskarta.

Mutumin da Kitasato ya gada a kan wannan takarda shi ne ya kawo labarin kusa da mu. Daga 2004 zuwa 2024 hoton Noguchi Hideyo ne a kanta, ɗan talakawa wanda hannunsa na hagu ya ƙone tun yana jariri, ya taɓa aiki a cibiyar Kitasato kafin ya tafi Amurka ya yi suna a cibiyar Rockefeller. A 1927 ya zo Accra domin binciken zazzaɓin shawara, cutar ta kama shi, ya rasu a can ranar 21 ga Mayu 1928 yana da shekara 51. Fahimtarsa game da abin da ke haddasa cutar kuskure ce, domin ya ɗora laifin a kan wata ƙwayar cuta da ba ita ba ce, ainihin ƙwayar kuwa ta yi ƙanƙantar da madubin zamaninsa ba ya iya ganinta. Wasu na ganin wannan ya rage masa daraja. Ni ban yarda ba, domin mutumin da ya bar jin daɗin New York ya zo inda cutar take don ya gwada ra'ayinsa da hannunsa, ya cancanci a tuna da shi har da kuskurensa.

Japan ta gina cibiyar binciken lafiya da sunansa a Jami'ar Ghana a 1979, kuma ita ce ta ɗauki kaso mai yawa na gwajin cutar korona a ƙasar a 2020. Ta kuma kafa lambar yabo ta Noguchi domin aikin lafiya a Afirka, wadda aka fara bayarwa a 2008 ga mutum biyu, Miriam Were ta Kenya da Brian Greenwood na Birtaniya. Shi Greenwood ya shafe kimanin shekara 10 a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, yana koyarwa yana binciken sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, kafin ya wuce Gambiya.