Wa dokar hana kalaman ƙiyayya take kamawa?

Shekaranjiya da daddare wani ya turo saƙon murya a guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai. Minti uku yana nanata magana ɗaya: wai duk Bafulatani ɗan bindiga ne, wanda bai riƙe bindiga ba to infoma ne, a daina sayen nononsu, a tashe su daga unguwa. Mutum biyar suka jinjina masa. Can sai na ga an rubuta wane ya fita. Abokinmu ne, Bafulatani, shekara shida muna cin tuwo a kwano ɗaya a makarantar kwana. Malamin firamare ne yanzu. Bai ce uffan ba.

Da safe aka shiga cewa ai rashin doka ne ya jawo haka. Jama'a, dokar tana nan. Sashe na 26 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta yaɗa ƙiyayya ga mutane saboda ƙabilarsu ko launin fatarsu, kuma hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 5, ko tarar naira miliyan 10, ko a haɗa wa mutum duka biyun. Sai dai sashen da hukuma ta haddace shi ne na 24, mai magana kan cin zarafin mutum ta intanet, wanda aka yi ta ɗaukar 'yan jarida da shi kan sun taɓa manya, har aka yi masa gyara a 2024.

Ku tuna 6 ga Yuni 2017. Wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka zauna a Arewa House, Kaduna, gaban kyamara, suka bai wa Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba. Gwamnan Kaduna na lokacin, El-Rufa'i, ya ce a kamo su, amma suna nan suna yawonsu har suka janye wa'adin da kansu. A Janairun 2021 Sunday Igboho, ɗan fafutukar Yarabawa, ya bai wa Fulanin Igangan a jihar Oyo kwana bakwai, wa'adin na cika aka ƙone gidan Sarkin Fulani. Da yawanmu da suka yi tafi a 2017 su ne suka fi kowa kururuwa a 2021. Amma ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse da ya yi rubutu ɗaya a Twitter kan matar shugaban ƙasa a 2022, har makaranta aka bi shi, aka wuce da shi Abuja, sai da ƙasa ta ɗauka aka janye ƙarar.

Shi ya sa da Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo ƙudurinsa na dokar hana kalaman ƙiyayya a 2019, mai tanadin rataye wanda kalamansa suka jawo asarar rai, ban goyi baya ba, yau ma ba zan goya ba. Kar wani ya ce na raina girman abin. A Ruwanda gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai, a 1994 kuwa aka yi musu kisan kiyashi da adda. Tsorona shi ne hannun da za a damƙa wa igiyar. Hukumar da ke jin zafin zagin gwamna fiye da kiran a kori ƙabila guda, in ka ƙara mata ikon rataya, ka san wuyan da za ta fara gwadawa.

Ni abin da nake so a gani bai da yawa: mutum ɗaya mai faɗa a ji, ko ɗan Arewa ko ɗan Kudu, ya tsaya gaban alƙali kan sashe na 26, a karanta masa kalamansa da bakinsa ya furta.

Na kira abokin namu jiya bayan la'asar. Ya ce, "Ba komai, mutumina, ya yara?" Na ce zan sa admin ya goge saƙon ya dawo da shi cikin guruf ɗin. Ya ce in bar shi kawai, ya ga sunayen waɗanda suka jinjina.