Alhaji, Jikansa da Modem Mai Kururuwa

(Jika yana riƙe da waya yana ta tsaki, Alhaji kuwa yana kallonsa ta saman tabarau.)

ALHAJI: Kai ja'iri, wannan tsaki da kake ta ja tun ɗazu, wa ya taɓa ka?

JIKA: Intanet ce, Kaka. Bidiyon da nake kallo ya tsaya cak har na tsawon sakan 4, alhali layin nan megabit 100 yake kawowa a kowane sakan.

ALHAJI: Sakan 4! Allah ya ba ka haƙurin jure wannan babban rashi. A zamaninmu, kafin kwamfuta ta shiga intanet sai modem ya buga lamba ta layin tarho, ya yi ƙara, ya yi shiru, sannan ya ɓarke da kururuwa kamar kyanwoyi biyu suna faɗa a cikin garwa, mu kuwa muna zaune muna addu'ar kada a ce layin a cike yake.

JIKA: Ciwo yake ji ne da zai riƙa kururuwa?

ALHAJI: Gaisuwa yake yi. Layin tarho don muryar mutum aka yi shi, saboda haka dole ne modem ya mayar da bayanan kwamfuta su zama sauti, na ɗaya ɓangaren kuma ya mayar da sautin ya koma bayanai. Kururuwar nan su biyun ne suke gwada lafiyar layin, suna daidaitawa a kan saurin da zai iya ɗauka. Modem ɗin da ake kira Bell 103, wanda ya fito a Amurka a 1962, saurinsa 300 ne.

JIKA: Megabit 300 tun 1962? Ashe ma kun fi mu morewa.

ALHAJI: Cire mega ɗin nan ka ajiye a gefe. Bit 300 tsurarsu, wato haruffa kusan 30 a sakan, har kana iya bin rubutu da ido yana fitowa harafi bayan harafi. Daga nan aka hau 1,200, aka hau 2,400, a 1991 aka kai 14,400, a 1994 kuma 28,800. Da aka kai 56,000 a 1998, mun ɗauka duniya ta zo ƙarshe da ci gaba, ko da yake wannan adadi a jikin kwali ya fi zama, domin da wuya layi ya kai shi, idan kuwa kai ne mai aikawa, 33,600 ce iyakarka.

JIKA: Bari in lissafa. Wannan hoton naka da na ɗauka jiya kana gyangyaɗi megabayit 5 ne, wato miliyan 5, idan na raba da 56,000...

ALHAJI: Dakata, ɗan boko! Bayit ɗaya bit 8 ne, sai ka ninka tukuna. Kuma ba gyangyaɗi nake yi ba, tunani nake yi.

JIKA: To, bit miliyan 40 ke nan. A modem ɗinku na alfahari, tunanin naka zai yi minti 12 yana tafe, a layina kuwa bai kai rabin sakan ba. A na 1962 sai ya haura kwana ɗaya da rabi. Fim mai gigabayit 4, wanda nake saukewa a minti 5 da 'yan sakanni, ku sai kun yi kwana 6 da rabi, na 1962 kuwa sai ya haura shekara 3, ta yadda jaririn da aka haifa ranar da aka fara saukewa shi ne zai tambayi ko fim ɗin ya iso.

ALHAJI: Sannu ba ta hana zuwa.

JIKA: Ƙarasa mana, Kaka: sai dai a daɗe ba a je ba.

ALHAJI: Ka cika baki, amma shafukanmu marasa nauyi ne, rubutu ne da ƙaramin hoto ɗaya ko biyu. Naku na yau shafi guda yakan haura megabayit 2, ga talla, ga bidiyon da ke kunna kansa ba wanda ya gayyace shi. An ninka muku sauri kusan sau 1,800, kun ninka kaya, sannan kun dawo kuna tsaki. Mu kuwa hoto daga sama yake sauka layi-layi: ka fara ganin hula, ka jira goshi, ka jira gira, kana cikin ɗokin ganin idanu sai layin ya yanke, a koma farko. Kamfanin tarhon nan ya cuce ni, kullum da ƙarfe 8 na dare yake yanke mini, har wasiƙun ƙorafi na rubuta musu.

(Hajiya ta leƙo daga ɗaki.)

HAJIYA: Alhaji, da ƙarfe 8 ka ce?

ALHAJI: Ba fashi, kamar sun saka agogo.

HAJIYA: Ai lokacin ne nake kiran Yaya. Ina ɗaga kan tarhon ɗaki sai in ji wani ƙugi mai ban tsoro, sai in yi ta danna maɓallin ajiyewa har ya yi shiru, sannan in buga lambata lafiya lau.

ALHAJI: Ke ce? Duk wasiƙun nan da na rubuta, ashe ke ce?

HAJIYA: Kai ma angona ka yi mana shari'a. Mutum ya tare layin gida tun magariba domin ya ga hular wani, wa ya fi cutar wani?

JIKA: Kaka, ka rubuta wa kamfanin takardar ban haƙuri in tura musu yanzu, ko sakan ɗaya ba za ta yi a hanya ba.

ALHAJI: Ba ni wayar nan in aika da kaina. Kai, na danna tun ɗazu, me ya sa take ta juyawa haka?

JIKA: Sakan 2 ke nan, Kaka.