Kafin a ce mu bar siminti, a amsa mana tambayar ruwa

Jama'a, yau maganar gini ce a bakina. Na san masu buga bulo ba za su ji daɗin rabinta ba, malaman jami'a kuma ba za su ji daɗin ɗaya rabin ba. Kowa ya yi haƙuri.

Abin da ake yayi yanzu a jami'o'in duniya shi ne binciken gidan da gininsa ba ya fitar da iskar kabon mai yawa, kuma suna da hujja. Ba a samun siminti sai an gasa dutsen farar ƙasa a wuta mai zafin digiri 1,450, kuma ba man da ake ƙonawa kaɗai ke fitar da iskar ba, dutsen kansa yana amayar da ita in wuta ta ci shi. Shi ya sa siminti shi kaɗai ke ɗauke da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na kabon ɗin da duniya ke turawa sama. Masu bincike a Lozan ta ƙasar Suwizalan, tare da abokan aikinsu na Kyuba da Indiya, sun fito da wani siminti mai suna LC3, inda ake rage gasasshen dutsen a cike gurbinsa da gasasshen yumɓu da garin farar ƙasa, hayaƙin ya ragu da kusan kashi 40. Nan Kamaru ma akwai masana'antar siminti a Kiribi da ke aiki da gasasshen yumɓu. Madalla, ban raina wannan aiki ba.

Amma mu gaya wa juna gaskiya. Mutumin da ya shekara yana tara kuɗin albasa ko na shanu don ya ta da ɗaki biyu a Kuseri ko a bayan unguwar Domayo ta Marwa, kabon ba ya cikin lissafinsa, kuma ba shi da laifi. Hayaƙin da Afirka baki ɗaya ke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin ɗari na duniya ba. Shi abin da ke ransa shi ne: ɗakin nan zai tsaya a watan Agusta? Zan iya barci a cikinsa a watan Afrilu? Duk binciken da bai taso daga nan ba, ba zai iso ƙofar gidansa ba.

Tambayar Agusta ita ce ta kashe ginin ƙasa a zukatan mutane. A daminar 2024 ruwa ya ci rayuka 576 a Cadi, ya taɓa mutum kusan miliyan biyu. Nan jihar Arewa Mai Nisa gidaje sama da 50,000 suka zube, gadar Yagwa ta karye. Shekara biyu kafin nan kogunan Logon da Shari sun cika sun shiga unguwar Waliya a Njamena. Galibin abin da ya rushe ginin ƙasa ne, wannan ba abin musu ba ne, kuma wanda ya kwana a kan hanya da yara da tabarma ba za ka zo masa da lacca a kan ɗumamar yanayi ya saurare ka ba.

Sai dai ku je ku tsaya gaban katangar ƙasa da ta faɗi, ku dube ta da kyau. Ba daga sama take mutuwa ba. Ruwa ne ke kwanciya a gindinta kwana biyu, ƙasar ta sha ta yi laushi har tsawon kamu ɗaya ko biyu, saman kuwa yana nan a bushe da duk nauyinsa, sai ta durƙusa. Sau da yawa za ka tarar da tubalan sama kwance a ƙasa lafiyarsu ƙalau, har da yaɓensu. Ko ba ambaliya ma, kowa ya duba gindin katangar layinsu: ruwan indararo da ke fantsama, da danshin da ke hawowa da gishiri, da awakin da ke goga jiki suna lasa, sun rarake ta har mutum ya iya cusa hannu. Ciwon wuri ɗaya yake. Maganinsa kuma sananne ne: harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga sama da inda ruwa ke kaiwa, leda mai kauri ko kwalta tsakaninsa da tubalin farko don danshi kada ya hau, rufi mai baki da ya fito ya kare bango, sai hanyar da ruwa zai bi ya bar gidan. Dutse kuwa ba abin nema ba ne a Marwa, ga shi ya kewaye gari.

To amma nawa ne tsayin da ya isa a unguwar da ke bakin kogin Mayo Kaliyawo a Marwa, nawa ne a garuruwan Fus ko Zina? Wannan tambayar, jami'a ce ke da kayan amsa ta, don ita ke da masu awon ƙasa da masu zana taswirar ruwa. Akwai kuma filayen da amsarsu ita ce kada a gina komai, ko da siminti da rodi ne. Ya kamata a samu mai ƙarfin halin faɗin haka tun kafin a yanka fuloti a sayar wa talaka.

Da mutane suka gudu daga ƙasa, ina suka faɗa? Bulo mai rami, kwano a kai, babu silin, taga ɗaya 'yar mitsitsiya saboda ɓarayi. Da azahar a watan Afrilu ɗakin nan gidan burodi ne. Kwanon da rana ta daka yana haura digiri 60, yana kuma zubo zafin kai tsaye kan wanda ke ƙasa. Wa ke ciki a lokacin? Jariri, mai jego, da tsohuwar da ƙafa ta hana fita. Mu maza muna gindin darbejiya muna shan shayi. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, kuma yanayinmu da nasu ba wani nisa. Wanda ya ce a sa na'urar sanyaya ɗaki, ya tuna wutarmu ta Arewa ta jima tana dogaro da ruwan madatsar Lagdo, shi kuma ruwan yana ja da baya ne daidai lokacin da aka fi neman sanyi.

Kada kuma a yaudare mu da cewa bangon ƙasa sihiri ne. Kaurinsa yana jinkirta zafin rana na awoyi, shi ya sa zauren kaka ke da sanyi da azahar, amma da dare yana sakin abin da ya haɗiye. Kakanninmu sun san haka, a tsakar gida ko kan soro suke kwana lokacin bazara. Yanzu da dare ma ya daina hucewa kamar da, kuma tsoro ya hana kwanan waje a wurare da yawa, dole a samo yadda iska za ta ratsa ɗakin ta fice ta sama. 'Yan ƙabilar Musgum na bakin Logon sun riga kowa a nan. Ɗakinsu mai tsini yana kai mita 9 ba azara ko ɗaya, zafi ya tashi ya fita ta ƙofar ƙoli, zanen da ke jikin bangon kuma matakala ce ta magini, hanyar ruwan sama ce kuma. Yau sai ɗaiɗai a wajen Fus, baƙi na zuwa ɗaukar hoto.

A wasu ƙasashen an wuce hoto. Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001 da matsattsen tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin na ƙasa ya bar sarari iska na wucewa, a 2022 ya karɓi Pritzker, kyauta mafi girma a fannin zanen gini. A Dandaji ta Nijar, garin Hausawa 'yan uwanmu, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da irin wannan tubali, suka mai da tsohon ɗakin karatu. A Burkina kuma tun 2000 ake koyar da rufin ƙasa irin na Nubiya, wanda ba ya cin itace ko kwano, sai dai faɗin ɗakin ba ya wuce mita 3 da 'yan kai. Wannan ya shafe mu sosai, don giginyar da ake tsaga azara da ita ta yi wuya, jan bulon da ake ƙonawa a Kuseri da Njamena kuwa kowa ya san makamashin da yake lashewa.

Abin da ba za a iya kwafowa daga Gando ba shi ne ƙasar. Karal ɗinmu, wato ƙasar lakar nan da ake dasa masakwa, in ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsage, har bangon siminti take fasawa. Matsattsen tubali kuwa yana son ƙasa mai yashi daidai gwargwado, a sa mata siminti kashi 5 zuwa 8, a matse a inji, a rufe da leda ana yayyafa ruwa har sati huɗu. Ƙasa mai yawan yumɓu ta fi jituwa da ƙonanniyar farar ƙasa a kan siminti, ga kuma garin Figil nan kusa inda ake haƙar dutsen. Wanda ya ɗebi ƙasar da ba ta dace ba ya buga tubali ya tsattsage, shi ke nan unguwa guda ta yanke hukunci.

Na taɓa tambayar wani dattijon magini a unguwarmu, na ce, "Baba, yaya kuke gane ƙasar gini?" Ya ce, "Ɗana, kawo hannunka." Ya ɗebi ƙasa ya jiƙa, ya murza ta ta yi tsawo, ya ɗora a tafina yana turawa a hankali har bakinta ya leƙo waje. Ya ce in ta karye da wuri yashi ya yi yawa, in ta yi ta lilo ba ta karye ba yumɓu ya yi yawa, ta tsakiya ake nema. Wannan gwajin yana cikin littattafan da ake koya wa injiniyoyi. Dattijon bai sani ba, injiniyan kuma bai san dattijon ba. Irinsa ne suka san awon makuba, ruwan ɓawon ɗorawar da ake yaɓe da shi ruwa ya zame, kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin da zai zauna da shi ya auna makubar nan a ɗakin gwaji, ko ya gwada tokar ɓuntun shinkafar Yagwa da Maga a cikin kwaɓi, ya fi mana amfani a kan wanda ya sake lissafa hayaƙin gidajen Turai.

Saura maganar kunya, wadda ba inji da ke auna ta. Ginin ƙasa ya zama shaidar talauci. A je neman aure, gwaggo za ta tambaya a ɓoye, "Gidan nasu na siminti ne?" Ba za a kawar da wannan da takarda ba, gani ya kori ji. Kamaru na da hukumar bunƙasa kayan gini na gida, MIPROMALO, tun 1990. Jami'ar Marwa na nan tun 2008 da makarantarta ta injiniyoyi, ga Ngawundare, ga Garwa da ta samu tata a 2022, ga Njamena a tsallaken kogi. Ana gwaje-gwaje, ana kare kundi da Faransanci, a yi tafi a ci abinci. Amma muddin ofishin gwamnati da asibiti da gidan mai kuɗi duk siminti ne, ce wa talaka ya koma ƙasa kamar ce masa ne ya tsaya inda yake.

Abin da nake so in gani ba shi da tsada. A samu makarantar firamare ɗaya a bakin hanya, a gina aji biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya bulo da kwano yadda muka saba, ɗaya matsattsen tubali a kan harsashin dutse da rufi mai hawa biyu. Maginan gari su gina, ɗalibai na auna musu. A rataye ma'aunin zafi a kowanne, a riƙa rubuta abin da ya nuna a allo a bakin ƙofa, da kuɗin da kowane aji ya ci a sefa, a bar su su sha damina uku. Awon kwaɓin kuma a buga shi a takarda ɗaya mai hotuna, da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa, a karanta a rediyo kafin Nuwamba lokacin da ake fara buga tubali. In kuma lissafi ya nuna matsattsen tubali ya fi bulo tsada a Marwa saboda kuɗin inji da na ƙwararren magini, a rubuta wannan ma a allon, mu san inda za a fara ragewa.