Tallan sakan 45 da ya ci min sati uku

Ni dai shadda da yadi nake sayarwa a Kantin Kwari, ban taɓa haɗa hanya da 'yan fim ba sai dai in gansu a talabijin. Abin da ya ja ni shi ne wani yaro a layinmu, jiya-jiyan nan ya gama zaman yaron shago, ya yi bidiyo da wayarsa ya sa a TikTok sai ga mata daga Kaduna da Maraɗi suna ta kiransa, ni kuwa ina zaune ina korar ƙuda. Na ce ai ba fin mu ya yi ba, ni ma zan yi, kuma nawa ba na waya ba, na ƙwararru.

Aka haɗa ni da wani darakta a Zoo Road, can inda ofisoshin 'yan Kannywood suke. Na ce masa talla nake so na sakan 45, ya zo gobe da kyamararsa mu gama kafin azahar. Sai ya yi wata 'yar dariya irin ta likita in ka ce masa kai ka san maganin ciwonka. Ya ce Alhaji ai ba da kyamara ake farawa ba, da takarda ake farawa. Kwana huɗu muna abu ɗaya, wa ake so ya gani, me za a faɗa, me za a fara nunawa, har zane ya yi min gida-gida a takarda, ga hannu yana warware shadda, ga ƙofar shago, ga ni. Wanda ya zana a matsayina kansa kamar kabewa, amma na haɗiye don na riga na ba da kafin alƙalami.

Ranar ɗauka ina jiran mutum biyu sai ga mutum tara sun sauko daga a daidaita sahu uku. Darakta, mai kyamara da yaronsa, mai fitila da nasa yaron, mai sauti da wata doguwar sanda an sa mata gashi a kai kamar ɓera, mai kwalliya, wani siririn yaro da littafi wai shi ne kwantiniti, mai lura kada wani abu ya canza daga wannan ɗauka zuwa waccan, da wani da har yau ban san aikinsa ba amma shi ya fi kowa cin abinci. Ashe abincin lokeshan ma a kaina yake, babu wanda ya gaya min.

Awa biyu suna kafa fitilu kawai. Shagon nawa kuwa in mutum uku suka shiga na huɗu sai ya tsaya a waje. Suna gamawa mai kwalliya ya matso da burushi wai goshina yana ƙyalli a kyamara sai an shafa min hoda. Na ce hoda kuma? Ni? Da jikoki biyu? Ya ce Alhaji manyan jarumai ma ana shafa musu. Ina rufe ido ya fara shafawa sai na ji muryar Alhajin da ke kallon shagona yana cewa Allah ya sanya alheri, yaushe ne kamun? Layi gaba ɗaya ya ɗauka, har 'yan dako suka sauke kaya suka tsaya.

Sai mai sauti ya sa abin jinsa a kunne ya ɗaure fuska. Wai fanka tana shiga, a kashe. Aka kashe, a watan Afrilu, a Kano, ga fitilu uku a kaina, hodar nan ta fara zama kunu. Ya ce janaretan maƙwabci ma yana shiga, ni na je da kaina na roƙi arziki aka kashe mana na minti ashirin. Ana yin shiru sai mai fiya wata, yana wucewa sai mai baro yana hanya hanya. A nan na gane kunnen mutum yana da kara, abin da ba ka so ya yi kamar bai ji ba, makirfo kuwa ba ta da kunya komai kwashewa take.

Maganar da zan faɗa layi ɗaya ce tal: ku zo ku ga kaya na gani na faɗa, cikin farashi mai sauƙi. Ni da nake ciniki da Buzaye da Yarabawa tun safe har yamma bakina bai taɓa sarƙewa ba, ana buga allon fara ɗauka ɗas, darakta ya ce akshin, sai na ji yawuna ya ƙafe. Na farko na ce assalamu alaikum jama'a, aka ce kat babu sallama a rubutu. Na biyu na kalli darakta maimakon kyamara. Na bakwai na ce farashi na gani na faɗa, wanda in ka duba shi ne gaskiyar kasuwa a yanzu amma ba shi aka biya a faɗa ba. Sau 23 muka yi.

Da aka tashi sallar azahar na ja yarona bayan shago na ce kai wannan daraktan anya ya san aiki kuwa, ko dai kuɗina ya zo ci shi da rundunarsa. Na manta shaf da 'yar ƙaramar makirfon da suka maƙala min a wuyan riga. Ina dawowa na tarar da mai sauti ya kifa kai a gwiwa kafaɗarsa tana rawa, darakta kuma ya ce cikin ladabi, Alhaji in sha Allahu mun san aiki. Na ce a'a ai wani daraktan nake nufi.

Wajen alwala kuma na ajiye hulata zanna na rasa inda take, na ari wata baƙa na dawo, kuma lokacin yaron kwantiniti ya tafi sayo kati. Babu wanda ya lura, muka ci gaba har la'asar sakaliya.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Dare uku ina zuwa ɗakin edita, wani ɗan ƙuƙut mai sanyin esi da allon kwamfuta biyu. Shi ya gaya min a kowane sakan ɗaya hotuna 25 ne suke wucewa, wato tallan nawa hoto 1,125 ne, kuma da alama ya yi niyyar gaisawa da kowannensu. Yana jera guntayen sai ya tsaya ya ce Alhaji wannan fa? Ga ni ina ku zo ku ga kaya da hula zanna, ana juya kyamara ina na gani na faɗa da baƙar hula, a cikin numfashi ɗaya. Ko a sake ɗauka, wato in sake ciyar da mutum tara, ko a rufe wurin da hoton hannu yana shafa shadda. Na ce a rufe. Hannun ma na yarona ne don an ce nawa yana rawa. Muryata kuma janareta ya dawo a tsakiyarta, sai aka kira wani mai aiki a gidan rediyo ya karanta a situdiyo cikin minti biyar, sau ɗaya, bai ko cire jakarsa daga kafaɗa ba.

Sai gyaran kala, aka ƙara wa shaddar haske har ta koma wani ruwan toka mai sheƙi da ban taɓa gani a kasuwa ba. Na ƙarshe kuma, su a kwance suka ɗauka irin na talabijin, TikTok da sitatus ɗin WhatsApp kuwa a tsaye suke so, dole a yanke gefe da gefe. Ni ne a gefe. Yarona da aka ce ya tsaya a tsakiya ya riƙe yadi kawai ya yi murmushi, shi ya cika allo.

Na kai wa uwargida ta kalla sau biyu ta ce to kai kana ina? Na tsayar a sakan na 31 na nuna mata, ta ƙura ido ta ce au, kunnenka ne wannan?

Bidiyon ya zaga ba laifi. Shekaranjiya wata Hajiya ta zo tun daga Zariya da wayarta a hannu, ta ce wannan ruwan tokar take so yadi goma, na fito da ita ta ce ba ita ba ce, ta bidiyon ta fi haske. Ina cikin rantse-rantse sai ta hango yarona, ta ce yauwa ga mai shagon nan ma, baba ɗan matsa in yi magana da shi.