Mai ba da saƙo ba ya zuwa gaban sikeli

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati biyu ke nan da dawowata daga Yamai, kuma maganar nan ta ƙi barin raina ya huta. Doguwa ce, mai sauri ya yi haƙuri.

Goggona na raka, ƙanwar mahaifinmu, za ta Beljiyam wurin ɗiyarta da ta haihu. Haihuwar fari ce, kuma kun san a gidajenmu ba a barin mai jegon fari ita kaɗai ko da a bangon duniya take. Mijin yarinyar ya sha wahalar biza wata da watanni, ya sayi tikiti ya aiko. A jikin takardar an rubuta akwati biyu, kowanne kilo 23, da 'yar jakar hannu. Da Faransanci aka rubuta, ƙananan baƙaƙe, can ƙasan shafi na biyu. Goggo ta yi allo har ta sauke, amma ba ta yi boko ba. Ni da na yi, ban duba wurin ba sai da bas ta wuce Maraɗi. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Kayanta na kanta duk masu dalili ne: kanwa ta kunu, yajin jego da ta yini uku ana dakawa, garin kunu tiya biyu, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, turaren wuta, atamfa turmi uku da kayan jariri. Da an tsaya nan da ba a yi wannan rubutu ba. Amma tun da labari ya bazu cikin unguwarmu ta Birni a nan Damagaram cewa Hajiya za ta Turai, zauren gidan bai sake hutawa ba. Maƙwabciya mai ɗa a can ta kawo alkaki cike da roba. Wata daga Zango ta aiko kilishi a kai wa ƙaninta. Wata kuma ta zo da dare da ƙunshi cikin baƙar leda, an naɗe shi da salatif tamau, ta ce a kai wa jikarta. Kowacce bakinta ɗaya: "Ɗan abu ne, Hajiya, ba shi da nauyi." Goggo mace ce mai kara. A rayuwarta ban taɓa jin ta ce wa mutum a'a a kan abin da take ganin za ta iya ba.

Mu nan tasha muka sani. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma duk wannan tafiya ba wanda ya ɗora kayanmu a ma'auni. Yaron mota ya ɗaga akwati da hannu ɗaya, ya ce jika uku, wato sefa 3,000, muka yi ciniki ya dawo jika biyu, aka tura cikin bas. Da wannan tunani yawancinmu muke shiga filin jirgi, cewa in kaya sun yi yawa za a yi magana a daidaita. To can ba a ciniki, lamba ce ke fitowa a gilashi kowa yana gani.

Saboda shekarunta aka yi mini alfarma na shiga da ita. Akwatin farko ya nuna 31, na biyu 28. Yarinyar da ke wurin awo, Allah ya yi mata albarka, cikin ladabi ta ce, "Hajiya, kayanki sun wuce. Ko a rage, ko a biya." Na tambayi nawa. Ta ce Yuro 100 a kan kowane akwatin da ya wuce, biyu ke nan 200. Da kuɗinmu jika 131 da 'yan kai. Ku tuna fa, mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 42,000 ne a wata. Abin da aka nema wurin Goggo a tsaye, cikin minti biyar, ya zarce albashin ƙaramin ma'aikaci na wata uku. Ita kuwa jika 40 ne ɗaure a haɓar zaninta, na guziri.

Muka ja gefe muka buɗe akwatuna a ƙasa. Ba na fata ɗayanku ya ga mahaifiyarsa ko goggonsa a wannan hali. Dattijuwa mai shekara sittin da ɗoriya, durƙushe a kan tayil, kayanta na ciki da na waje a baje, mutane na tsallakawa da kekunan kaya, ana ta kiran jirgi a lasifika. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da hannunta ya fara kaiwa. Kanwar ta fara fitarwa, sai garin kunu, sai atamfar da ta saya wa ɗiyarta ta fitar suna. Saƙon mutane ko taɓa shi ba ta yi ba.

Na ce, "Goggo, don Allah ki bar na mutane, ki tafi da na mai jego. Dominta za ki yi tafiyar nan."

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ɗan nan, amana ce fa. Da wane ido zan dube su in na dawo?"

Da ƙyar na shawo kanta a kan kilishin, shi ma don na gaya mata gaskiyar doka: ƙasashen Tarayyar Turai ba su yarda matafiyi ya shigo da nama ko kayan madara daga waje cikin kayansa ba, ko an kai ƙwacewa za a yi, wani lokaci har da tara. Baƙar ledar nan na sa mabuɗi na farke ta. Man shanu ne cikin gwangwani biyu da dabino, kilo uku cif. "Ɗan abin" ke nan. A ƙarshe dai kanwa da tiya ɗaya ta gari da turmi biyu na atamfa su ma suka zauna, ɗaya akwatin ya tsaya a 23, ɗayan ya ɗan haura da rabin kilo, yarinyar ta kau da kai ta liƙa takarda. Goggo ta shiga ciki ko sallamar kirki ba mu yi ba.

Da na fito raina a ɓace, sikelin na fara zagi a zuciya. Amma a hanyar dawowa, awa goma sha wani abu cikin bas, na yi wa kaina faɗa. Sikeli ba shi da laifi. Waɗanda suka manyanta za su tuna abin da ya faru a Kwatano ranar 25 ga Disamba 2003. Jirgi ƙirar Boeing 727 da ya taso daga Konakiri za shi Bairut, aka cika shi da mutane da kaya ba tare da an san ainihin nauyinsa ba. Ya kasa tashi yadda ya kamata, ya bugi wani gini a ƙarshen titin jirgi ya faɗa bakin teku. Fiye da mutum 130 suka rasu. Masu bincike sun gano lodin ya wuce ƙa'ida da tan-tan, kuma matuƙan ba su san yadda aka rarraba nauyin ba. Matuƙi da lissafi yake tashi: nauyin mutane, nauyin kaya, man da zai sha, tsawon titi, har da zafin rana. Iska mai zafi ba ta ɗaukar jirgi kamar mai sanyi, kuma mu da muke ganin digiri 40 da ɗoriya a watan Afrilu mun fi kowa buƙatar a yi awon nan da gaske. Haka dokar da ta hana akwati ɗaya ya wuce kilo 32 ko nawa za ka biya, an yi ta ne saboda bayan masu ɗora kaya, bayin Allah da ke ɗaga ɗaruruwan akwatuna a yini. Wannan ban da ja a kai.

Inda nake da ja shi ne kuɗin. In kilo takwas ɗin Goggo haɗari ne ga jirgi, ta yaya Yuro 100 za su sa ya daina zama haɗari? Ai kuɗi ba sa rage nauyi. Gaskiyar magana ita ce akwati ya zama haja. A 2008, shekarar da gangar ɗanyen mai ta kai dalar Amurka 147, kamfanin American Airlines ya fara karɓar dala 15 a kan akwatin farko, sauran manyan kamfanonin can suka bi sahu, aka ce tsadar mai ce. Kafin shekarar ta ƙare mai ya faɗo ƙasa da dala 50, amma kuɗin akwati bai sauka ba, hawa ma ya yi ta yi, har al'adar ta game duniya. Ita kanta lambar 23 ɗin fam 50 ne na awon Amurkawa aka juya zuwa kilo. Kuma a tsarin da ake lissafi da akwati, wanda ya wuce da kilo biyu da wanda ya wuce da kilo tara sau da yawa kuɗinsu ɗaya. Wani kamfanin ma ko akwatinka ɗaya bai cika ba, ba zai haɗa maka lissafi da ɗayan ba, sai ka durƙusa ka kwashe daga nan ka zuba can.

Sannan ga abin da ya fi shafar irinmu. Kamfanoni da yawa suna sayar da ƙarin kaya da rangwame in ka biya tun kana gida ta intanet, a gaban ma'auni kuwa sai ya fi tsada. To wa ke iya biya ta intanet? Mai katin banki, mai jin Faransanci ko Ingilishi, wanda ya saba tafiya. Dattijuwar Birni da ba ta taɓa hawa jirgi ba, ita ce za ta biya farashi mafi tsada. Yanzu har akwai tikiti mai araha wanda babu akwati ko ɗaya a cikinsa, mutum ya yi murna ya samu sauƙi, sai a filin jirgi ya gane.

Shi ya sa nake roƙon masu sayar da tikiti na garin nan, ku ji tsoron Allah. Kuna cin ribarku, halal ce. Amma kada ku miƙa wa tsoho takarda ku ce Allah ya kiyaye hanya kawai. Ku zaunar da shi ku gaya masa da Hausa: akwati nawa, kilo nawa, nawa za a karɓa in ya wuce, me ba a shiga da shi. Ku gaya masa batirin cajin waya a jakar hannu ake sa shi, ba ya shiga akwatin da za a tura cikin jirgi. Minti biyar ne.

Amma babban kason maganata namu ne, mu masu ba da saƙo. Mun mayar da matafiyi jakin dangi. Ku dubi alhazanmu in za su dawo. Tsoho ya tafi sauke farali da ɗan guzirin da ya tara shekaru, amma tun kafin ya tashi an cika masa kunne da jerin tsaraba: wannan dadduma, wannan jallabiya, wancan dabino, waccan turare. Ruwan Zamzam kansa lita biyar ne a rufaffen mazubi ake yarda da shi, kuma hukumomin Saudiyya sun hana a cusa shi cikin akwati. Duk wanda ya taɓa zuwa zai ba ku labarin tulin kayan da ake bari a Jidda ranar awo, kayan da aka saya da kuɗin da alhaji ya hana cikinsa. Wanda ya rubuta jerin yana gida yana jiran a yi masa "ga tsarabarka".

Kuma ƙunshin da aka naɗe ba a buɗe ba, wallahi ya wuce maganar nauyi. Na Goggo man shanu ne, alhamdu lillahi. Amma ba mu manta ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, saboda jakar ƙwayoyi da wasu suka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Wata huɗu ta yi a tsare kafin gaskiya ta fito a sake ta, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kisa ne. Ita ko karɓa ba ta yi ba. To ina ga wanda ya karɓa da hannunsa ya ce nasa ne?

Ban ce a daina saƙo ba. Wanda ya yi zaman waje ya san abin da ƙanshin daddawar gida ke yi wa zuciya, kuma zumuncinmu da irin wannan yake tafiya. Abin da nake cewa shi ne, in za ki ba da saƙo, ki kawo shi a buɗe. Ki tambayi mai tafiya kilo nawa ya rage mata. In babu wuri, ki haɗa da kuɗin awonsa, ko ki karɓi haƙuri ba tare da kin riƙe ta a zuci ba. Sikelin ratayawa kuɗinsa bai kai na kilo ɗaya na kilishi ba, a Kasuwar Dole ma ana samu. Duk gidan da ke da matafiyi ya rataye ɗaya a zaure, mai kawo saƙo ya ga lambar da idonsa, ya ɗauke wa dattijanmu nauyin cewa a'a, tunda mun san ba za su iya faɗa ba.

Da na dawo, gida-gida na bi ina mayar da kayan mutane. Mai kilishi ta karɓa ta yi godiya. Mai man shanu ta haɗa fuska ta ce da ta san haka ne da ba ta ba da ba, ai wance ta tafi bara ta kai mata. Ban tanka ba, girmanta ya wuce in yi musu da ita. Maƙwabciyarmu mai alkaki kuwa, nata ya tafi, amma da na gaya mata Goggo kanwar ɗiyarta ta cire don nata ya samu wuri, sai ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, tana cewa wallahi ba ta san haka abin yake ba. Na yarda da ita, ba ta sani ba.

Goggo ta sauka lafiya, an yi suna, an sa wa yaro sunan mahaifinmu. Shekaranjiya ta kira ni, bayan gaisuwa abin da ta fara tambaya shi ne ko kayan mutane sun isa hannunsu. Na ce sun isa. Sai ta yi shiru, ta ce mai jego tana ta kwaɗayin kunun kanwa, sun nema a shagunan 'yan Afirka na can ba su samu irin tamu ba.

Kanwar tana nan a ɗakina cikin ledarta. Na kai ta wurin mai awon nama na bakin layinmu ya ɗora mini, kilo biyu ce ba kaɗan. Akwai wani ɗan unguwarmu da aka ce zai koma can ƙarshen wata, gobe in sha Allah zan je in gaishe shi, in fara tambayarsa ko akwatinsa ya cika.