"Babu netwok" ba ƙaddara ba ce, sakaci ne

Ranar Litinin na kai Inna wani asibiti a nan cikin garin Gombe domin a auna mata sukari da ƙoda. Likita ya ce ta zo ba ta ci komai ba, don haka tun tuwon dare ba ta sa ko ƙwayar hatsi a baki ba, ga ta mai ciwon sukari, ga tsufa. Muka yi sammako muka kama layi. Sai da rana ta take sannan layi ya zo kanmu, na miƙa takarda ta ƴar tagar da ake biyan kuɗi. Yarinyar da ke ciki ko ɗago kai ba ta yi ba. Da gindin biro ta turo min takardar waje, ta ce, "Babu netwok."

Na ce, "Malama, sannu da aiki. Tsohuwa ce, ba ta karya ba. Ga kuɗi a hannu, ki karɓa ki rubuta mana rasit."

Ta ce ba a karɓar tsabar kuɗi, sai ta sistem.

Na ce to bari in tura ta waya, tunda wayata tana da sabis.

"Ko ka tura ba zai nuna a nan ba. In bai nuna ba, ɗakin gwaji ba za su ɗebi jini ba."

Na haɗiye abin da ya taso min, na tambaye ta tun yaushe abin ya ɗauke, kuma wa aka kira. A nan ne ta ɗago ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta ce ita dai yau da safe ta zo ta tarar da shi haka, masu aikin ƙarshen mako sun ce tun daren Asabar ne, mai gyaran kuma yana Abuja, an kira bai ɗaga ba. Sannan ta ƙara da cewa, "Malam, ni na ƙera netwok ɗin ne? In ka iya ka shigo ka gyara. Don Allah ka matsa, kana tare min iska."

Inna ta dafa bango ta taso, ta sa bakinta a tagar, ta ce, "Ƴata, ki taimaka min, jiri nake ji."

Wallahi abin da ta ce wa mahaifiyata ke nan: "Mama, kowa a nan mara lafiya ne. Ki koma ki zauna." Ta jawo wani guntun kwali ta toshe tagar, ta ci gaba da latsa wayarta. Matar da ta haifi kamar uwarta, ta kira ta ƴarta, ita kuma amsarta kwali ne. Wace irin tarbiyya ce wannan? Wane irin aiki ne ake koya wa mutum ya iya danna kwamfuta amma ba a koya masa yadda zai yi magana da tsohuwa mai jin yunwa ba?

Kafin ta toshe tagar na riga na ga abin da zan gani, domin kula da netwok da sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, shi ne sana'ata, da shi nake ciyar da iyalina. A saman wata durowa ga rawuta, na'urar da ke rarraba intanet, ƙura ta lulluɓe ta, jar fitila na ci. A ƙarƙashin tebur ga akwatin batirin da ya kamata ya riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, yana ta ƙara ƙit-ƙit alamar batirinsa ya mutu, an kuma jona cajar waya a jikinsa. Ba sai an kawo boka ba. Wurin da kayan da ke gaban idon kowa suke a haka, ka san yadda ɗakin sabarsu yake.

Ƙarshenta sai kunu na sayo wa Inna a bakin ƙofa, gwaji ya tashi, sai wata rana ta sake kwana da yunwa. Wata mata da ke bayanmu daga Nafada ta zo da yaro a goye, ta ce da rance ta haɗa kuɗin mota. Wa zai biya ta?

Mun daɗe muna shan wannan. A banki babu netwok, wurin gyaran lambar ɗan ƙasa babu netwok, wurin tantance ƴan fansho babu netwok, yara wurin jarrabawar kwamfuta sabar ta sauka. An maimaita mana kalmar har mun ɗauke ta kamar ruwan sama, abin da ba hannun mutum a ciki. To ni na san ƙarya ne, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Sistem ba ya faɗuwa haka siddan. Kafin sabar ta mutu sai ta yi ta ba da alama: ma'ajiyarta na cika a hankali, zafin ɗakin na hawa saboda na'urar sanyi ta lalace, batir na rage ƙarfi, kuɗin layin intanet ko lasisin manhaja na dab da ƙarewa. Duk waɗannan ana aunawa. Akwai manhajojin sa ido irin su Zabbix da Nagios da Prometheus, kyauta ne, ko sisi ba a biya. Ka saita su, da zarar ma'ajiya ta kai kashi 80 cikin ɗari sai saƙo ya shigo wayar mai kula, ko da ƙarfe biyun dare ne, ya tashi ya gyara kafin mara lafiya na farko ya iso. A ce abu ya mutu daren Asabar, a wayi gari Litinin ba a taɓa shi ba, ma'anarsa ɗaya ce: babu wanda aka ɗora wa alhakin kallonsa. Sun ɗauki maigadi ya kwana yana tsaron ƙofa, amma na'urar da bayanan dubban marasa lafiya ke ciki, ba mai kwana a kanta.

Duk kamfanin da ya san abin da yake yi, a rubuce yake ɗaukar alkawarin tsawon lokacin da sistem zai yi aiki. Idan aka ce kashi 99.9 cikin ɗari, ana nufin tsayawar da aka yarda da ita a shekara gaba ɗaya ba ta kai awa 9 ba. Su a ƙarshen mako guda sun cinye kason shekaru. Ina yarjejeniyar da aka sa wa hannu da ɗan kwangilar da ba ya ɗaga waya? Nawa aka cire masa? Na tabbata babu wanda ya tambaya.

Kuma ko a ƙasashen da suka ƙera kayan, sistem na faɗuwa. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani aikin sabunta manhaja na kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5 a duniya, jirage suka tsaya, asibitoci suka shiga ruɗani. Abin da da yawa suka yi shi ne komawa takarda da biro, har tikitin jirgi aka riƙa rubutawa da hannu, aiki ya ci gaba. Asibitin da ya koma kwamfuta dole ya tanadi littafin rasit da fom ɗin gwaji na ranar da sistem ya tsaya, a rubuta, a duba mara lafiya, in ya dawo a shigar. Wannan ba ya buƙatar biliyan. Shugaba ɗaya mai tausayi yake buƙata.

Yanzu kowane babban jami'i ya koyi cewa an mayar da komai kilawud, wato an yi hayar kwamfutocin manyan kamfanoni ana ajiye bayanai a can. Tun 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da manufar da ke ƙarfafa ma'aikatun gwamnati su fara duba wannan hanya. Abu ne mai kyau, amma a ina kwamfutocin suke? Cibiyoyin Microsoft da Amazon da Google na farko a nahiyar nan duk a Afirka ta Kudu suke, an buɗe su a 2019 da 2020 da 2024. Manyan rumbunan bayanai na cikin gida kuwa yawancinsu suna Legas, inda wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ke fitowa. Ke nan rasit ɗin Inna sai ya bi wayar fayiba fiye da kilomita 1,000 ya dawo. Katafila ɗaya ta masu aikin titi ta isa ta tsinke shi. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, kowa ya ga yadda bankuna suka rikice. Mai hankali idan zai dogara da irin wannan hanya, layi biyu yake ja daga kamfanoni daban-daban, ya kuma ajiye ƙaramar sabar a gida da za ta riƙe aiki kafin layi ya dawo. Mu kuwa layi ɗaya, sai addu'a.

Ga kuma wuta. A Afrilun 2024 ɓarayi suka kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe, muka yi makonni cikin duhu har Yola da Jalingo. A Oktoban shekarar Arewa kusan duka ta yi fiye da mako guda babu wuta. A kan wannan wutar gwamnatoci suke tilasta mana komawa kwamfuta: an hana karɓar kuɗi a hannu, an soke katin takarda, an soke littafin rajista, amma ba a sa kuɗin sola da batir da albashin mai kula a kasafi ba. Kuɗin sayen kaya kullum akwai, saboda a saye ne ake samun kaso, a ranar ƙaddamarwa ne ake yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Kula da abin bayan an watse ba ya kawo wa kowa ko kwabo, shi ya sa ba ruwansu. A Janairun 2025 aka amince a ƙara mana kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, muka biya. Yaranmu da suka karanta kwamfuta a Gombe da Kashere da Bauchi suna nan bakin titi ƙarƙashin lema suna sana'ar POS, kwangilar kula da sistem ɗin garinsu an miƙa wa ɗan'uwan wani a Abuja.

Mu ma talakawa ba mu fita ba. Ba daga sama ɓarayi ke zuwa su kwance batiran turakun sadarwa, su zuƙe man janareta, su haƙe waya suna neman jan ƙarfe ba. Ƴaƴan unguwa ne, an san su, an san ƴan jari-bolan da suke kai wa. Maigidan da ya sayi batirin inbata a rabin kuɗi da daddare, babu rasit babu kwali, ya san sarai daga inda aka ciro shi.